Tukwane Uku da Na Hana Inna

Duk wanda ya taɓa tura hannu cikin kwandon daddawar da ta kwana biyu a rufe ya san abin da nake nufi idan na ce ɗumi. Wuta takan gasa ka ta gefe ɗaya ta bar ɗaya gefen yana kakkarwa, amma wannan ɗumin mai laima ne, yana tasowa daga cikin kalwar kanta ba tare da an ƙyasta ko ashana ba. Da shi na tashi a gidanmu, don daddawa ce sana'ar Inna. Sai dai ban yarda cewa abu ne da ya isa a kira shi ilimi ba sai da na yi ɓarnar da har yau ban iya gyarawa ba.

Gidanmu yana bakin hanya a wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi. Baba ya yi shekaru yana aikin lambu a gidan mishan, har mutane suka bar kiran sunansa sai gadina. A can ya koyi auren bishiya, wato a yanko tsiron wadda ake so a ɗaure shi a kan wata ƙaramar bishiya ta gida, su haɗe su zama ɗaya. Shekarar da aka kawo Inna gidan, ya dawo daga Funtua da wani tsiron mangwaro naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, wanda ya roƙa a wurin wani ma'aikacin jirgin ƙasa, ya aura shi a ƙofar gida. Inda mutumin ya samo shi, Baba bai taɓa sani ba. Mangwaron nan ba shi da zare ko kaɗan, ƙwallonsa siriri, kuma ko ya nuna bawonsa kore yake zama, sai ƙamshi ya tona masa asiri. 'Yan ƙauye suka sa masa suna na-gadina. Mutane sun sha kwasar ƙwallonsa suna shukawa, abin da ke fito musu mangwaron gida ne mai zare, don mai aure ba ya ba da halinsa ta ƙwallo. Baba kullum yana cewa zai ƙara aurar da bishiyar, kullum sai baɗi, har Allah ya karɓi ransa ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin gona.

Inna ba mai yawan zancen Baba ba ce. A gindin bishiyar take zama tana tsince kalwa, nan take sayar da daddawa ga masu wucewa kasuwa. Amma duk shekara, ranar da mangwaron farko ya faɗo, sai ta ɗauka ta shinshina, ta ce, "Lambun mai gidan ya gaishe mu." Iyakar abin da na taɓa ji daga bakinta ke nan game da kewarsa. Ni kuma ɗan fari ne, don haka sunana bai taɓa fita daga bakinta ba. Tun da na kama aiki a ofishin gona na Malumfashi ta samu sauƙi, sai ta riƙa kirana Malamin gona. Akwai yadda take jan kalmar idan tana alfahari da ni, akwai kuma yadda take janta idan na yi abin dariya, ni kuwa a lokacin ba na rarrabewa.

A farkon shekarun 1980, wata Asabar cikin Disamba, na zo gida a kan babur ɗina na tarar da jan fenti a jikin bishiyar. Za a faɗaɗa hanya a zuba kwalta, kuma an ce bayan sabuwar shekara za a sare duk abin da aka shafa wa fenti. Na sami Inna tana wanke kalwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta ma ɗago kai ba sai da ta gama.

"Malamin gona," ta ce, "wannan auren da babanku yake yi, an koya muku shi a makaranta?"

"An koya mana, Inna. Ni na zo na ɗaya a kansa."

"To," ta ce. Ta ɗauki masakinta ta shige.

Na gane an ɗora mini kaya, kuma na ji daɗi da aka ɗora mini. Matsalar ita ce lokaci. Aure yana son ɗumi da laima, shi ya sa ake yin sa gab da damina. Mu kuwa muna tsakiyar ɗari, lokacin da ruwan randa ke cizon haƙori da safe, tsofaffi ba sa fitowa sai hantsi ya dubi bango. A irin wannan sanyi tsiro da uwa, wato ta gidan da aka ɗaure shi a kai, sai su yi ta zama tare ba su haɗe ba har tsiron ya bushe. Ina da 'yan mangwaron gida goma sha takwas da na rena da hannuna a ƙananan tukwane. Na kwaso su a amalanke, na zaɓi tsiron na-gadina da bai fara fure ba, na wasa wuƙar Baba, na aura su duka a yini biyu. Ba yabon kai ba, aikin ya yi kyau. Ko Inna da ta leƙo ta ce hannuna irin nasa ne.

A bayan gida na kafa musu rumfa da itacen darbejiya. Na tattaro farar ledar da ke cikin buhunan takin zamani, na farke su, tela ya haɗa mini, na lulluɓe rumfar tun daga sama har ƙasa. Da rana ciki yakan yi ɗumi har leda ta yi gumi. Amma daga magariba zuwa hantsi sanyin ciki da na waje duk ɗaya ne. Dole a sami abin da zai ɗumama wurin, kuma a nan ne na tsaya ina zaɓe.

Na fara tunanin kaskon garwashi, irin wanda ake kai wa mai jego, sai na ga zai mutu kafin gari ya waye, ga shi yana busar da iska. Fitilar ƙwai ba ta da ƙarfin da za ta ɗumama ko akurki. Sai na tuna wani hoto a littafinmu na makaranta, ɗakin gilashi a ƙasar Turai, tumatir jere reras, ga wani murhun kananzir a tsakiya. Hoton nan ya daɗe yana burge ni. Ranar kasuwa na hau babur har Funtua na sayo sabon risho kore mai lagwani goma, na ɗauro shi a baya ina tafe ina jin kaina.

Ina cikin zuba masa kananzir Inna ta zo ta tsaya a kaina.

"Wannan kuma na dafa musu shayi ne?"

"Na ɗumama su ne, Inna."

"Uhm." Ta duƙa ta leƙa cikin rumfar ta daɗe. "Malamin gona, ka taɓa tura hannu cikin juji da sassafe?"

Na ce ban taɓa ba, kuma ba ni da niyya.

"Da ka tura da ka ji. Ka haƙa rami nan ciki, zurfin gwiwa. Ka zuba ɗanyen kashin jaki da angurya da ƙaiƙayi, ka yayyafa ruwa, ka rufe da ƙasa kaɗan, ka jera tukwanen a kai. Kwana uku ɗumi zai taso, kuma ba ya mutuwa da asuba. Haka kalwa take yi. In ka ba ta wuta ta lalace, rufi kawai take so da ɗan wurin shan iska."

Angurya kuwa a lokacin ba abin wahala ba ce, ƙwayar auduga ce da ake samu tuli a wajen injinan gurza na Funtua, wadda ruwa ya taɓa ma kyauta ake kwasa. Jakai kuma muna da biyu. Duk abin da ta lissafa yana nan a hannu. Ni dai abin da ya faɗo mini a rai shi ne ogana na ofis, wanda na riga na cika wa baki, har ya ce zai zo ya ga rumfar. Na hango shi yana ɗaga leda da farar rigarsa, warin kashin jaki ya daki hancinsa, a ce wai wannan ne aikin wanda ya zo na ɗaya. Na yi dariya, na ce mata zamani ya wuce nan.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "To, ba ni uku daga ciki in kai ɗakin daddawa, in ajiye su kusa da kwanduna. Da rana in fito da su su sha haske. Kai ka riƙe sha biyar."

Da na yi shiru na miƙa mata, da ba na wannan rubutu. Tukwane uku ne fa, ba abin da za su rage ni da shi. Amma sai na ji kamar tana cewa ba ta yarda da ni ba, kuma jinin kuruciya ya hau mini kai. Na ce, "Inna, wannan ba daddawa ba ce. Ki bar mini aikina. Ni ma ai ban taɓa zuwa na koya miki rufin kalwa ba."

Ta dube ni. Ban taɓa yi mata magana haka ba, kuma ita ma ta sani. Ta ce, "Haka ne. Allah ya ba da sa'a." Ta koma wurin masakinta.

Na nemi izini a ofis na riƙa kwana a gida. Kowace magariba in kunna risho in sa a tsakiyar rumfa in danne bakin leda da duwatsu, da hantsi in kashe. Safiyar farko da na buɗe, iska mai ɗumi ta bugi fuskata, na ji kamar in kira duk ƙauyen su zo su gani. Akwai wari, idona ya ɗan yi yaji, amma na ce ai haka kananzir yake. Ranar Kirsimeti bayan an taso daga majami'a mutane suka yi ta zagayowa bayan gida kallon ɗakin leda, ni kuma ina tsaye da sabuwar riga ina bayani. Inna tana can tana rabon shinkafa, ba ta zagayo ba. Ogan nan kuwa da na hana kaina kashin jaki saboda shi, har yau bai zo ba.

Cikin mako na biyu ganyen uwayen ya fara lanƙwashewa ƙasa kamar kunnen akuya, wasu suka fara zama ruwan ɗorawa. Na ce sanyi ne yake shiga ta wata kafa. Na kwaɓa laka na bi gindin rumfar na toshe duk inda iska za ta iya ratsawa, na ƙara wa risho lagwani. Baƙin hayaƙi ya fara kwanciya a jikin leda ta ciki. Wata safiya Inna ta gitta da tulu a kai, ta tsaya.

"Malamin gona, in na bi ta nan idona yaji yake yi. Su ba su da ido, amma ai suna numfashi ko?"

Na ce mata a Turai ma haka ake yi, kuma a littafi yake. Ta ce to, ita ba ta je Turai ba. Daga ranar ba ta sake cewa komai a kan rumfar ba.

Masu sara suka zo a mako na biyu na Janairu da zarto mai inji. Kafin rana ta take, bishiyar da ta girme ni tana kwance ta tare hanya, furenta ya watsu ko'ina. Mata suka taru ɗibar itace. Ina tsaye, wuƙar Baba tana aljihuna, ga tsiro nan ɗaruruwa a gabana, lafiyayyu. A ranar tukwane shida sun riga sun zubar da ganye, kuma zuciyata ta riga ta faɗa mini akwai matsala. Abin da ya kamata in yi na san shi sarai: in yanki tsiro in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma yadda Baba ya yi, in hau babur in nemo wasu uwayen a gandun renon itatuwa, in sake sabon aure. Amma Inna tana tsaye a ƙofar gida tana kallo. In na duƙa na yanka, na faɗa mata ke nan cewa na farkon bai yi ba. Sai na zura hannu a aljihu na riƙe wuƙar, ina ta yi wa maƙwabta bayanin cewa ba a yi asara ba, sha takwas na nan a baya. Na ga Inna ta duƙa ta tsinci wani ɗan reshe ta sa cikin mayafinta. Na ɗauka na tunawa ne kawai, har na ɗan ji tausayinta.

Kwana goma sha biyu bayan nan babu sauran ganye ko ɗaya a rumfar. Na bi tukwanen ɗaya bayan ɗaya ina kankare bawo da farce ina neman kore, ko'ina baƙi, tsiro da uwa duka. Wani dattijo da ke aiki a gandun reno ya saurari labarina, ya ce, "Kananzir a rufe? Ai ko mutum ka kulle da shi sai dai a fito da shi." Na dawo na buɗe littafin nan. A bayan shafin hoton, a layin farko, an rubuta cewa dole a bar kafar iska. Shekara uku littafin yana hannuna ban taɓa juya shafin ba. Na zagaya bayan gida na yaga ledar, na yi ta fasa tukwanen da bango har sai da hannuna ya yi jini.

Da yamma na sami Inna a madafi na ce, "Ba su kama ba."

Ta ce, "Allah bai yi ba. Ka wanke hannu, tuwo ya sauka."

Da ta zage ni da na samu sauƙi. Washegari na koma Malumfashi, na yi mako shida ban taka ƙauyen ba, ina fakewa da aiki. Kunya ce kawai, ba na iya bi ta wurin kututturen nan.

Da na dawo zafi ya fara shigowa. Inna tana fama da ciwon baya, ta ce in shiga ɗakin daddawa in ɗauko mata kwando. Na fi shekara goma ban shiga ɗakin ba, tun da na fara ganin warinsa bai dace da ɗan makaranta ba. Na sunkuya na shiga, ɗumin nan na yarinta ya rufe ni. Da na janye kwandon sai na ga an share wani wuri a bayansa, an zuba ƙaiƙayi, an yi gurbi uku a ciki, kowanne daidai gindin tukunyar reno. Biyu babu komai. A na ukun akwai wata tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki, an soka ɗan reshe a ciki. A kansa akwai ganye huɗu, sababbi, irin jajayen nan masu laushi da mangwaro ke fara fitarwa, sai dai sun bushe sun rataye.

Na fito da tukunyar a hannu. "Inna, wannan fa?"

"Wanda na tsinta ne ranar sara."

"Toho ya yi?"

"Ya yi. Ya fi mako biyu yana sheƙi."

"Yaushe ya fara?"

Ta yi lissafi da yatsu. "Ranar da kake fasa tukwane a baya, yana nan da toho biyu."

Na zauna a kan turmi. Na ce, "Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na zo har bakin rumfar," ta ce. "Sai na tuna ka ce in bar maka aikinka. Kuma na ɗauka zai yi saiwa da kansa, in ya yi ƙarfi in ce maka ga shi, don ranka ya yi sanyi."

Na kama reshen na ja, ya zaro ba wuya, gindinsa fayau babu saiwa ko ɗaya. Reshen mangwaro ba ya saiwa a haka, wannan duk ɗan shekarar farko a makarantarmu ya sani, ita ce ba ta sani ba. Abincin da ke jikinsa ya ci ya yi ganye, da ya ƙare ya mutu. Ɗuminta ya riƙe shi da rai kusan wata guda a tsakiyar ɗari, yana jiran uwa da wuƙa kawai, aikin da ba zai ɗauke ni tsawon shan koko ba. Taku ashirin ne tsakanin ɗakin da rumfata. Na yi kuka a gabanta kamar yaro, ita kuma ta juya baya tana gyara wuta, don ba ta saba kallon ɗan fari a irin wannan hali ba. Ko a lokacin ban iya buɗe baki na ce ta yafe mini ba, kuma wannan ma yana cikin abin da ke ci na.

Ɗarin da ya biyo baya na haƙa ramin da ta ce, na zuba kashin jaki da angurya da ƙaiƙayi, na bar kafa a saman leda. Kwana uku na tura hannu na ji ɗumi. Na aura wasu mangwaro ashirin, sha bakwai suka kama. Daga baya na koya wa manoma da yawa daga Maska har Kafur, suna kiranta dabarar Malam, ina ce musu ta mahaifiyata ce, suna dariya suna zaton tawali'u nake yi. Na-gadina dai ya tafi. Na bi lambunan Funtua da na Zariya, na tambayi tsofaffin ma'aikatan jirgi, na ɗanɗana mangwaro iri-iri, ban sake haɗuwa da shi ba.

Inna ta ƙara shekara tara a duniya. Ta maida wurin sayar da daddawarta cikin zaure, tunda ƙofar gida babu inuwa. Ba ta taɓa tayar da zancen rumfar ba, ko da wasa, ita da ba ta barin abin tsokana ya wuce ta. Duk bazara nakan zaɓo mata mangwaro mafi kyau daga waɗanda na aura da hannuna, in kawo mata na farkon da ya nuna. Takan karɓa da hannu biyu ta shinshina, ni kuma in tsaya ina jira. Sai ta ce, "Yana da kyau, Malamin gona, Allah ya yi albarka," ta miƙa wa jikoki. Ba ta ƙara cewa lambun mai gidan ya gaishe mu ba.